Kufan Hampi da Littafin Sewell

A kudancin ƙasar Indiya, cikin jihar da a ke kira Karnataka, akwai wani kufai a bakin kogin Tungabadara, sunansa Hampi. Mai zuwa can yakan sauka daga jirgin ƙasa a garin Hospet, ya shiga mota tafiyar mil 8 ta cikin gonakin ayaba da rake, sa'an nan ya ga ƙasa ta sāke kama. Duwatsu ne manya-manya, jajaye-jajaye, wani bisa wani, har iyakar ganin ido. A tsakanin duwatsun nan ga haikalai, watau ɗakunan bautar 'yan Hindu, ga rumfunan kasuwa na dutse a jere, ga ganuwa, ga magudanan ruwa da tafkunan da aka gina da hannu. An ƙidaya abubuwan da suka saura a wurin sun haura 1,600. Nan ne dā birnin Bijayanagar ya ke, ma'anar sunan kuwa Birnin Nasara. Wasu 'yan'uwa biyu, Harihara da Bukka, su suka kafa daularsa wajen 1336, ta bunƙasa har ta mallaki mafi yawan kudancin Indiya, aka ci birnin da yaƙi a 1565. A 1986 hukumar UNESCO ta sa kufan cikin wuraren tarihi na duniya.

An ce baƙo ko da ido makaho ne. Wanda ya tsaya gaban karyayyen gunki ba zai sani ba ko wa ya sassaƙa shi, ko wa ya karya shi, ko don me, sai an gaya masa. To, mai gaya wa baƙin Hampi labari, ko sun sani ko ba su sani ba, galibi mutum guda ne, wani Bature mai suna Robert Sewell, ma'aikacin Gwamnatin Ingila a Lardin Madaras. A 1900 ya buga littafi da Ingilishi mai suna A Forgotten Empire, watau Daular da Aka Manta. Shekara fiye da 120 ke nan, amma har yanzu in ka saurari masu yi wa baƙi jagora, ko ka buɗe 'yan ƙananan littattafan da a ke sayarwa a bakin haikali, za ka ji amon maganarsa. Littafin da ya yi wannan ƙarfi ya cancanci a ɗora shi bisa sikeli, a ga abin da ya ke ƙara wa idon matafiyi da abin da ya ke rufe masa.

Bari a fara da ba shi hakkinsa. Sewell ba ɗan ci-rani ba ne a wannan fage. Tun 1882 ya fara fid da jerin tsofaffin gine-gine da rubuce-rubucen jikin dutse na Lardin Madaras, aikin haƙuri wanda sai wanda ya taɓa zama da rajista ya san wuyarsa. Littafin nasa kashi biyu ne. Kashin farko tarihin daular ne kamar yadda shi ya tsara. Kashi na biyu kuwa fassara ce ta labarin wasu 'yan Fotugal biyu, Domingo Paes da Fernao Nuniz, waɗanda suka zauna a birnin yana kan ganiyarsa. Takardunsu suna ajiye a babban ɗakin karatu na Faris, wani malami David Lopes ya buga su da harshen Fotugal a 1897, Sewell ya juya su zuwa Ingilishi. Da wannan kaɗai ya yi, da ya isa a gode masa.

Paes ya zo wajen 1520, zamanin Sarki Kirishna Dewa Raya, wanda ya yi mulki daga 1509 zuwa 1529. Mutum ne mai ido. Ya hau wani tudu ya hango birnin, ya kwatanta girmansa da na Rum. Ya sifanta sarki har da tabon zanzana a fuskarsa, ya ce kafin gari ya waye yakan sha man riɗi, ya shafe jikinsa da shi, ya ɗaga nauyi, ya yi wasa da takobi har man ya fita da gumi, sa'an nan ya yi kokawa, ya hau doki. Ya ba da labarin bikin Mahanabami na kwana tara, wanda sarki ke kallo daga bisa wani babban dandamali. Dandamalin nan yana nan har yau, an sassaƙe gefensa da giwaye da raƙuma da maharba da 'yan rawa. Wanda ya hau shi bai karanta Paes ba, tsibin dutse ya hau. Wanda ya karanta kuwa yana iya mai da rumfar katako bisa kansa, ya jera dawaki da giwaye a filin da ke gabansa. Nuniz, wanda ya rubuta nasa wajen 1535, dillalin dawaki ne, kuma hankalinsa yana ga sana'arsa. Shi ya gaya mana sarki yakan sayi dawaki 13,000 kowace shekara, na Hurmuz da na gida.

Akwai shaida na uku wanda ya riga waɗannan da kusan shekara 80, kuma shi ya fi jan hankalina. Shi ne Abdurrazzaƙ Samarƙandi, jakadan Shah Rukh ɗan Taimur, Sarkin Herat. Ya sauka Kalikut a 1442, ya isa Bijayanagar a 1443, zamanin Dewa Raya na Biyu, ya kuma rubuta abin da ya gani cikin littafinsa na Farisanci, Maɗla'us Sa'daini. Sewell ya ɗebo daga fassarar da wasu suka riga suka yi. Malami ne Musulmi, bai ɓoye ra'ayinsa game da gumaka ba. Duk da haka da ya iske wani haikali na tagulla kusa da Mangalor, sai ya tsaya ya auna tsawonsa da faɗinsa, ya yaba gwanintar maƙeransa. Ya ƙidaya ganuwar birnin bakwai, ɗaya cikin ɗaya, ya ce tsakanin na waje gonaki ne da lambuna, na ciki kuwa kasuwanni, inda a ke baje lu'ulu'u da yaƙutu a fili, masu sai da furen wardi kuma ko'ina. Har ofishin magatakarda ya leƙa, ya ce rubutunsu iri biyu ne: wani a kan ganyen itace da alƙalamin ƙarfe, wanda ba ya daɗewa, wani kuma da farin dutse mai taushi a kan abin da aka baƙanta, shi ne a ke ji da shi. Jakadan da ya bar kallon giwaye ya tsaya duban yadda akawuna ke ajiye lissafi, ni dai na yarda da shaidarsa. Sarki ya karɓe shi da girma, yana ba shi kafur da kuɗi da ganyen tambul, wanda su ke taunawa kamar yadda mu ke cin goro. Waɗanda suka ɓata masa zama kuwa wasu fatake ne na Hurmuz, Musulmi 'yan'uwansa, da suka baza maganar wai ba jakadan Shah Rukh ba ne.

Wannan shi ne alherin littafin. Inda na ke da magana da Sewell shi ne hukuncin da ya yanke bayan ya saurari shaidun nan. Tun daga shafin farko ya kafa cewa Bijayanagar ganuwa ce da 'yan Hindu suka gina don tare ambaliyar Musulmi daga arewa, ta tsaya shekara fiye da 200, ran da ta faɗi kuwa kudancin Indiya ya faɗi. Duk abin da ya biyo baya an ɗaura shi a wannan turke. Ba kuwa a ce maganar ba ta da tushe ko kaɗan ba. A 1310 da 1311 Malik Kafur, sarkin yaƙin Sarkin Delhi, ya kai hari kudu ya washe haikalai. Wajen 1327 rundunar Muhammadu ɗan Tugluƙ ta murƙushe ƙaramar masarautar Kampili, maƙwabciyar Hampi. Daga cikin tokar wannan rikici Bijayanagar ta tashi, kuma rundunarta ce daga baya ta kawar da sarautar Musulmi ta Madurai. Wanda ya musa wannan ya yi wa tarihi ƙarya. Amma alƙali ba ya yanke shari'ar shekara 200 da abin da ya faru ran farko.

Abin mamaki, abin da zai rushe hukuncin yana cikin littafin da kansa. Paes ya faɗi ƙarara akwai unguwar Musulmi a birnin, da yawansu 'yan ƙasa ne, sarki ke biyansu albashi, suna cikin dogarawansa. Nuniz ya nuna sa'ad da Kirishna Dewa Raya ya kewaye birnin Raicur a 1520, 'yan bindigar Fotugal ne, Nasara, suka taimake shi kakkaɓe masu tsaron ganuwa. Firishta, marubucin tarihi na fadar Bijafur, wanda Sewell ya dogara gare shi ƙwarai, ya ce Dewa Raya na Biyu ya ɗauki Musulmi soja saboda gwanintarsu ta harbin kibiya bisa doki, ya gina musu masallaci, ya sa a riƙa ajiye Alƙur'ani gaban gadon sarautarsa don su iya gaisuwa ba tare da sun ji sun rusuna wa wanda ba Musulmi ba. Sewell ya kawo duk wannan, sa'an nan ya wuce shi kamar wanda ya ga tsinke a hanya.

Haka nan bai tsaya a kan cewa yaƙe-yaƙen daular da yawa da 'yan Hindu 'yan'uwanta ta yi su ba. Haikalin Kirishna, wanda baƙo zai iske kudu da tudun Hemakuta, an gina shi ne don murnar cin garin Udayagiri daga hannun Sarkin Orisa, ɗan Hindu. Gunkin da aka sa a ciki wajen 1515 ganima ce, daga can aka ɗauko shi, yau kuwa yana gidan ajiye kayan tarihi na Madaras, wadda a ke kira Cennai yanzu. Ashe ɗauke wa sarkin da aka ci abin bautarsa al'ada ce ta sarakunan ƙasar tun kafin ranar Talikota. Faɗan da su ke yi da sarakunan Musulmi na Dakan kuma, mafi yawansa a kan ƙasa ne, musamman yankin nan mai albarka na Raicur da ke tsakanin kogin Kirishna da na Tungabadara, da kuma hanyar tashoshin teku inda dawakin Larabawa ke sauka.

Bayan Sewell an sami masu bincike da suka duba abin da bai duba ba. A 1996 wani malami a Amurka, Phillip Wagoner, ya jawo hankali ga wani laƙabi da sarakunan Bijayanagar suka riƙa sa wa kansu cikin rubutun dutse tun wajen 1350, Hinduraya Suratrana, watau Sultan a cikin sarakunan Hindu. Ya kuma nuna tufafin fada, doguwar riga da doguwar hula, daga ƙasashen Musulmi aka aro su har da sunayensu, kabayi daga ƙaba ta Larabci, kullayi daga kula ta Farisanci. Zanen da ke rufin haikalin Lefakshi yana nuna fadawa cikin wannan shiga. Sarki yakan tuɓe riga in zai shiga gaban abin bautarsa, ya sa ta in zai zauna fada. Mutanen da suka ɗauki sarautar sultan abin ado, suka sa rigarsa da hularsa, da wuya a ce ba su da wani aiki a duniya sai ƙinsa.

Matafiyi ba ya bukatar karanta Wagoner kafin ya ga wannan, in dai ba a riga an rufe masa ido ba. Cikin unguwar sarauta akwai bargar giwaye mai ɗaki 11 a jere, in ban da na tsakiya kowanne da ƙubbarsa. Kusa da ita ga wani ɗan soro da a ke kira Lotus Mahal, ƙasansa duk bakan gizo ne irin na masallatan Dakan, samansa kuwa dala-dala irin na haikali. Ga wurin wanka da a ke dangantawa ga sarauniya, shi ma haka. Maginan sarki sun san ginin haikali sun san ginin Musulmi, suna sa kowanne inda ya dace. A jikin dandamalin nan na biki ma an sassaƙa baƙi masu gemu da hula mai tsini suna jan dawaki zuwa gaban sarki.

Yanzu sai ranar faɗuwa, inda alƙalamin Sewell ya fi zafi, inda kuma ya fi bukatar a bi shi a hankali. Mai riƙe da mulki a lokacin Rama Raya ne, surukin Kirishna Dewa Raya, wanda ya killace sarki na gaskiya, Sadasiba, ya zama muƙaddas mai cin gashin kansa. Da ƙuruciyarsa ya yi wa Sarkin Golkonda, Musulmi, barantaka. Ibrahim, wanda ya zama Sarkin Golkonda a 1550, shekara bakwai ya yi yana gudun hijira a Bijayanagar ƙarƙashin inuwarsa. Ali Adil Shah na Bijafur kuwa har ɗa aka kira shi a gidan Rama Raya. Shekara da shekaru dabarar tsohon nan ita ce ya haɗa kai da wannan sultan ya bugi wancan, gobe ya juya. Shi da Ali suka auka wa ƙasar Ahmadnagar, Firishta ya ce mayaƙansa sun wulakanta masallatai a can. Aka tilasta wa Husaini Nizam Shah, Sarkin Ahmadnagar, ya zo ya karɓi tambul daga hannunsa alamar biyayya. Husaini ya karɓa, ya sa aka kawo ruwa ya wanke hannu a gabansa. Irin wannan ƙullin ba ya kwancewa da sauƙi. Daga baya sarakuna huɗu, na Ahmadnagar da Bijafur da Golkonda da Bidar, suka ga in ba su haɗu ba zai cinye su ɗai-ɗai. Husaini ya aurar da 'yarsa Cand Bibi ga Ali, suka ƙulla amana. A watan Janairu 1565 aka gwabza kusa da Talikota, igwan Ahmadnagar suka yi aiki, aka kama Rama Raya, Husaini ya sa aka sare kansa. Ƙanensa Tirumala ya koma birni, ya kwashi taska da sarki ya nufi Fenukonda, ya bar talakawa ba mai tsaronsu.

Abin da ya biyo baya mugun abu ne, kada wani Musulmi mai karatu ya nemi sassauta shi. Rundunar sarakunan nan ta zauna a birnin wata biyar ko shida tana washe shi. Masu tonon kufai, ciki har da ƙungiyar John Fritz da George Michell da ta fara aiki wajen 1980, sun iske toka da duwatsun da zafin wuta ya farfasa a unguwar sarauta. Fadodin katako ne da tubali bisa harsashin dutse, shi ya sa yau harsashin kaɗai a ke gani. Akwai wani gunki na Narasimha, mai jikin mutum da kan zaki, wanda aka sassaƙa daga dutse guda a 1528, tsawonsa ƙafa 22. Dā akwai siffar matarsa Lakshimi zaune bisa cinyarsa, yau hannunta kaɗai ya saura maƙale a bayansa. Wanda ya tsaya gaban wannan ya ce ba a yi ɓarna ba, ba shi da kunya.

Amma Sewell ya rubuta ɓarnar kamar yana tsaye a wurin, ya nuna kamar babu abin da ya tsira, ya kuma ce da wuya in tarihin duniya ya taɓa ganin irinta. Sai mai karatu ya tambaya, wa ya gani? Paes da Nuniz sun rubuta nasu shekara 30 ko fiye kafin ranar. Firishta ya rubuta bayan shekara 40 da wani abu, a fadar ɗaya daga cikin waɗanda suka ci nasara, inda kambama yawan abin da aka rushe yabo ne ga maigida. Wanda ya fi kusa shi ne Cesare Federici, wani falke na Benis, da ya zo a 1567 ya zauna wata bakwai. Ya ce gidaje suna tsaye, mutane ne babu, damisa ta gaje wasu unguwanni. Ya kuma iske Tirumala ya dawo yana ƙoƙarin raya garin, har yana yaudarar fataken dawaki ya karɓe musu dabbobi bai biya ba. Garin da aka mai da shi turɓaya ba a dawowa a raya shi bayan shekara biyu. Daular ma ba ta mutu ran nan ba, zuriyar Tirumala ta ci gaba da sarauta daga Fenukonda da Candragiri har wajen 1646.

Babban mai ƙaryata wannan zance kuwa shi ne abu na farko da baƙo zai gani in ya shigo Hampi, watau haikalin Birupaksha, wanda hasumiyarsa ta kai ƙafa 160. Ya girmi daular, da sunan abin bautar cikinsa sarakuna ke sa hannu a kan allunan tagulla na kyautar ƙasa, kuma har yau ana bauta a cikinsa, ana jan karusarsa kowace shekara. Dab da karyayyen Narasimha ɗin nan akwai wani dunƙulallen baƙin dutse, alamar Shiba, tsaye cikin ruwa, lafiya lau. A 2013 Mark Lycett da Kathleen Morrison, bayan sun bi haikalan ɗaya bayan ɗaya, suka nuna wutar ba ta ci kowa daidai ba: ta fi faɗa wa manyan haikalan Bishnu, waɗanda sarakunan ƙarshe suka zuba wa dukiya suka ɗaura martabarsu a kai, na Shiba kuwa galibi an ƙyale su. Mai rushewa don ƙin gunki kawai ba ya zaɓe. Wanda ya zaɓa, sunan wani gida ya ke son shafewa, ko da ya ke ba a rasa masu ƙin gunkin a cikin rundunarsa ba.

Sa'an nan akwai ɓarnar da ba ta da runduna. Damina fiye da 450 ta sauka a kan rufin nan. Itatuwa sun tsaga bango, masu neman ɓoyayyar dukiya sun haƙe daɓen haikalai. Hotunan da Alexander Greenlaw ya ɗauka a 1856 sun nuna karusar dutse ta haikalin Bittala, wadda aka sa hotonta a takardar rupi 50 a 2017, tana da 'yar hasumiyar tubali a kanta, yau babu ita, kuma ba sultan ne ya sauke ta ba. A 1999 UNESCO ta sa Hampi cikin wuraren da ke cikin haɗari saboda gadojin da aka fara ginawa a kan kogin, ba ta cire ta ba sai 2006. A 2011 hukuma ta rushe gidaje da kantunan mutanen da ke zaune cikin tsofaffin rumfunan kasuwa gaban Birupaksha. A 2019 aka ga hoton wasu samari suna ture ginshiƙan wani haikali don wasa, kotu ta ci su tara, ta kuma sa su suka tsai da ginshiƙan da hannunsu. Baƙon da ya zo da Sewell a aljihu, duk dutsen da ya gani kwance sai ya rubuta shi a kan asusun 1565.

Me ya sa mutum mai himma irin wannan ya karkata haka? Ba na ce ya yi ƙarya da gangan ba. Ruwan da ya sha ne. Tun 1849 Sir Henry Elliot, wanda aikinsa ya zama tushen fassarar tarihin Musulmin Indiya zuwa Ingilishi, ya faɗa a gabatarwarsa cewa nuna zaluncin sarakunan dā zai sa talakawan Indiya su ƙara sanin darajar mulkin Ingilishi. Ma'aikacin da ya tashi cikin wannan karatu, in ya ga Hindu da Musulmi a fagen yaƙi, addini kaɗai zai gani, ba zai ga ƙasa da haraji da dawaki da wulakancin tambul ba. Laifi tudu ne. Mai mulkin da ya zo daga hayin teku ya fi kowa son a ce waɗanda ya tarar ba su iya zama tare sai da shi a tsakani.

Da maganar ta tsaya a littafin 1900, da ba ta dami kowa ba. Amma ta yi 'ya'ya. A 1977 V. S. Naipaul, marubuci haifaffen Tirinidad wanda kakanninsa 'yan Indiya ne, ya buɗe littafinsa India: A Wounded Civilization da ziyarar kufan nan, ya mai da shi alamar raunin da ya ce Indiya ba ta warke daga gare shi ba. Ya fi Sewell daɗin baki nesa, bai kuwa ƙara ko shaida guda a kan nasa ba. Irin wannan labari, na cewa ga abin da kakanninsu suka yi wa kakanninmu, ba ya zama a takarda. A watan Disamba 1992 taron jama'a ya rushe masallacin Babri a Ayodhya bisa da'awar an gina shi a kan haikali, tarzomar da ta biyo baya ta ci mutum wajen 2,000. Ba Hampi ce ta jawo wannan ba, amma da irin hatsin nan a ke dama furar. Musulmin da ya je kufan kuma yana da tasa jarrabawar. Wani zai ji alfahari da karyayyen gunki, wani zai sunkuyar da kai kamar shi ya riƙe gatarin, dukansu biyu kuwa sun karɓi hukuncin Sewell ke nan ba su nemi ganin shaidu ba. Abdurrazzaƙ ya fi su, gama ya riƙe addininsa ya kuma riƙe ma'auninsa.

Saboda haka shawarata ga mai niyyar zuwa, ya nemi littafin, amma ya fara shi daga baya. Ya karanta Paes da Nuniz tukuna, ya bi su da abin da aka ɗebo daga Abdurrazzaƙ da Federici, sa'an nan ya komo kashin farko yana tambayar kowace magana wa ya faɗe ta, a wace shekara, a fadar wa. In ya gama da karusar dutse da ginshiƙan Bittala masu amo in an ƙwanƙwasa, waɗanda yanzu an hana taɓa su, ya roƙi mai mota ya tsaya da shi a kan hanyar komawa Kamalafura. Akwai wani ɗan gini can wanda motocin baƙi ke wucewa ba su tsaya ba. Rufinsa shimfiɗaɗɗe ne bisa ginshiƙan dutse, in ka hango shi sai ka ce rumfar haikali ce, sai ka shiga ka ga mihrabi a bangon yamma yana duban alƙibla. Kusa da shi ga kabari mai ƙubba. Rubutun da ke jikinsa da harshen Kannada ne, na shekarar 1439, shekara huɗu kafin zuwan Abdurrazzaƙ. Ya ce Ahmad Khan, wani hafsan Dewa Raya na Biyu, shi ya gina wurin ya kuma haƙa rijiya, don ladan ya kai ga sarkinsa.